Ruwan Malam Falalu Yaro Ne

A Tudun Gawo, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanya tsakanin Kazaure da Roni, ba a sayar da ruwan rijiyar Malam Falalu, amma kuma ba a shan sa kyauta. Da kunne ake biya. Kana zura guga zai gyara zama a kan kututturen da ke bakin rijiyar, ya fara ba ka labarin yadda mahaifinsa Daudu ya haƙa ta da hannunsa tun kafin a haife shi, yadda ya fasa marmara har dagi ya lanƙwashe, yadda ruwa ya ɓullo ranar wata Juma'a. Matan garin sun haddace labarin har sukan taya shi ƙarasawa in tari ya sarƙe shi. Shi kuwa yana ɗauka son labarin ne ya sa.

Falalu manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, kuma ba za a ce ya fi kowa ko kowa ya fi shi ba. Ya taɓa gwada gyaran keke, ya bari saboda masu keke ba sa tsayawa a gama magana. Bai yi sarauta ba, bai je Makka ba, bai taɓa riƙe ko da makullin masallaci ba. Abin da Allah ya ba shi a duniya rijiyar nan ce, da matarsa Ma'u mai haƙurin zama da shi, da 'yarsu guda da ta rayu, Sadiqa, wadda ke aure a Kazaure. Ruwan rijiyar kuwa, gaskiya a faɗe ta, yana da sanyi da garɗi. Ko maƙiyin Falalu ya sha sai ya ƙara.

Maƙiyin nasa kuma bai wuce taubashinsa Sama'ilu ba, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Rana ɗaya aka haife su, cikin wani ruwan sama da ya hana kowa leƙa waje, ungozoma ɗaya ce ta yi ta kai-kawo tsakanin gidajen biyu. Da aka tambaye ta wa ya riga faɗowa, sai ta ce ita ta kan zaninta da ya jiƙe take yi, ba ta kan lissafi ba. Ta rasu ba ta warware ba. Tun daga nan kowannensu ya ce shi ne babba, kuma tunda ƙarami ne ke fara gaida babba, sai ya zamana sun haura sittin a duniya babu wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa ina kwana. In sun haɗu da safe sai su yi gyaran murya. In abin ya matsa, Falalu ya gaida akuyar Sama'ilu, Sama'ilu ya tambayi lafiyar keken Falalu. Duk da haka ranar da ɗaya bai fito ba, ɗayan ba ya iya cin abincin rana sai ya aika an dubo.

Ana nan sai aka zo haƙa famfon tuƙa-tuƙa a garin, masu aikin suka yi ta aune-aunensu, suka rasa inda za su kafa injin sai ƙofar gidan Sama'ilu. Suka huda ƙasa, suka huda dutsen da ke ƙarƙashinta, suka yi nisan da babu gugar da ta taɓa kaiwa. Ruwan da ya fito yana da ɗan ƙarnin ƙarfe, ga shi salam a baki. Falalu ya ɗanɗana sau ɗaya, ya tofar a gaban jama'a, ya ce wannan ai wankin tukunya ne, kuma ya rantse in dai yana numfashi ba za a kai shi randar gidansa ba. Sama'ilu ya sa aka kafa masa benci a gefen famfon, ya zama shi ma yana da wurin zuwa aiki kullum.

Wata rana da bazara sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa. Wadda ta fito daga ciki wata matashiya ce 'yar Filato mai suna Purity, mai nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta ce suna zagaya rijiyoyi da famfuna ne daga Babura zuwa Gwiwa har nan Roni. Hausarta irin ta Jos ce, tana kiran mace da namiji duk "ka" in ta yi sauri, amma tana durƙusawa har ƙasa in za ta gaida dattijo, don haka garin ya karɓe ta, aka sa mata suna Injiniya.

Falalu ya tarbe ta da ruwan randa a sabon kwanon sha, yadda ake yi wa baƙo. Ta sa baki ta yi godiya, sannan ta ce na cikin rijiyar take so, wanda bai kwana a randa ba. Ta zura wani dogon awo mai kuka in ya taɓa ruwa, ta sa aka yi ta jan guga ana zubarwa har ran Falalu ya fara ɓaci, sannan ta cika wasu 'yan kwalabe ta jera su cikin akwatin ƙanƙara.

"'Yar nan," in ji shi, "ruwan nawa ne ba shi da lafiya za a kai shi asibiti?"

"A'a, Baba. Shekarunsa muke so mu sani, da kuma ta inda yake biyowa a ƙarƙashin ƙasa kafin ya iso nan."

"Shekarun wa?"

"Na ruwan, Baba. Kowane ruwa da ke cikin ƙasa ruwan sama ne da ya taɓa sauka. Wani bara ya sauka, wani tun kafin a kafa gari."

Falalu ya tambaya ko za a auna na famfon wancan yaron. Ta ce ai daga nan can za ta. Bai jira ta rufe akwatin ba ya saɓa rigarsa ya yi gaba.

A gaban mai unguwa da duk wanda ba shi da aikin yi a ranar, wato kusan rabin mazan garin, Falalu ya kawo shawarar da yake ganin ta fi kowace hikima da aka taɓa yi a Tudun Gawo. Ya ce tunda ungozoma ta tafi da gaskiya kabari, ga hukuma ta aiko da na'ura. Wanda ruwansa ya fi tsufa shi ne babba, ɗayan kuma ya riƙa zuwa gaisuwa. A ransa lissafin a bayyane yake. Rijiyarsa ta girme shi, shi ya girmi famfon da shekaru masu yawa, to ta ina famfon da aka haƙa shekaranjiya zai yi tsohon ruwa? Sama'ilu ma haka ya lissafa, ya ga faɗuwa ƙiri-ƙiri, amma taubashi ba ya ja da baya a gaban mutane. Ya ce ya yarda. Injiniya ta buɗe baki za ta yi magana, mai unguwa ya riga ta da fatiha, aka shafa.

Watannin da aka yi ana jiran sakamako su ne mafi daɗi a rayuwar Falalu. Ya sa aka yi wa bakin rijiya sabon yaɓe. Ya riƙa aika wa Sama'ilu saƙo cewa ya fara motsa gwiwoyinsa, don durƙuso ba ya yi wa tsoho daɗi in bai saba ba. A cikin kwanakin ne kuma Sadiqa ta yi waya ta ce 'yarta Ihsan ta isa yaye, da an yi ruwan shuka za ta kawo ta wurin kakarta, kamar yadda ake yi, ta zauna har ta manta da nono. Falalu ya sanar da duk mai jan guga cewa jikarsa za ta buɗe baki da ruwan Daudu, ruwan da ya girmi kowa a garin. Ma'u ta ji, ta ci gaba da tankaɗenta.

Injiniya ta dawo hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka taru a gindin gawon ƙofar mai unguwa. Falalu ya zo da babbar riga, Sama'ilu ya zo da fuskar wanda za a yi wa kaciya da girma. Ta nemi kara, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana duwatsun da ake hangowa ta wajen Roni, ta zana garin, ta zana kududdufin bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini, ruwa ya kwanta a ciki duk damina.

Ta ce ruwa biyu ne a ƙarƙashin Tudun Gawo, ɗaya a kan ɗaya, kuma ba sa gaisawa. Mutane suka kalli taubasan suka yi dariya. Ta ce tun lokacin da manyan ƙasashe suka yi ta gwajin bama-bamai a sararin sama, wajen shekarun da aka haifi su Baba, ruwan sama yake saukowa da wata 'yar alama da ido ba ya gani amma na'ura na gani. Ruwan da ke ɗauke da ita sabo ne. Wanda babu ita a cikinsa ya riga wancan zamani shiga ƙasa.

"Na famfo babu alamar ko kaɗan," in ji ta. "Daga wajen duwatsun can ya shiga ƙasa, yana bin tsagar dutse a hankali, yana lasar dutsen, shi ya sa kuke jin ƙarfe a baki. Ya girmi duk wanda ke zaune a nan. Mai yiwuwa ya girmi kakanninku."

"Nawa fa?" in ji Falalu.

"Naka, Baba, na daminar bara ne da ta bara waccan."

Sama'ilu ya cire hularsa ya duba cikinta kamar a nan aka ɓoye labarin, ya mayar, sannan ya fara wata dariya mara sauti da ta girgiza shi tun daga kafaɗa.

"'Yar nan, kin haɗa kwalaben ne," in ji Falalu. "Rijiyar da ubana ya haƙa? Yaushe ɗa ya girmi ubansa?"

"Ramin tsoho ne, Baba. Ruwan da ke ciki ne baƙo." Ta ja layi da karan daga kududdufi, ta bi da shi ta ƙarƙashin turakun dabbobi da bayan gidajen mutane, ta dire shi a rijiyar. "Mun auna zurfin ruwa a rijiyoyin garin, duk ta nan yake gangarowa. Kuma abin da muka samu a ruwan kududdufi, irin wanda ke fita daga taki da masai, mun same shi a naka. Ƙasar ba ta da kauri a nan, ba ta gama tace shi yake isowa, balle da damina. Babba zai iya sha ya kwana lafiya. Amma don Allah kada a ba ƙananan yara, a ba su na famfo."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta kawo ta tun daga Kazaure, ta kuma maimaita ta har sau biyu. Falalu bai ji ta ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne an ce ruwansa yaro ne, kuma a gaban Sama'ilu. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce na'urar da ba ta san girman manya ba ba ta da tarbiyya, ya tafi gida.

Garin bai raga masa ba. Sama'ilu ya sa aka share gaban bencinsa kowace safiya aka shimfiɗa buzu, wai na mai zuwa gaisuwa ne. In Falalu ya wuce a keke sai ya ɗaga murya ya ce wa na kusa da shi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Masu shayi suka fara tambaya ko da tsohon ruwa za a dafa ko da jariri. Abin da ya fi ci wa Falalu rai shi ne mata sun koma famfo ɗibar na sha, rijiyarsa sai wanki da ban-ruwan tumaki, kuma mai wanki ba ta tsayawa jin tarihi. Ya zauna a kan kututturensa shi kaɗai da labarin dagi a bakinsa babu mai karɓa. Ya ji kunya, ya ji haushi, ya kuma ji kewar mahaifinsa irin wadda bai ji ba tun ranar da aka binne shi.

Da aka yi ruwan shuka, Sadiqa ta aiko cewa jibi suna tafe. Falalu ya shiga gida da la'asar ya tarar da Ma'u a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Ya ce a wanke randa a cika ta da ruwan rijiya, da shi za a dama wa yarinya koko, garin nan su gani da idonsu ko ruwan Daudu na kisa.

Ma'u ba mai yawan magana ba ce. Wasu na cewa ba ta taɓa samun fili ba ne. Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba.

"Malam, a ina aka yaye Sadiqa?"

"A Gwiwa mana, wurin tsohuwarki. Ina ruwan wannan da maganata?"

"Sharfuddeen fa?"

Sunan ɗansu na fari ne da ya rasu, kuma an daɗe ba a ambace shi a gidan ba.

"A nan aka yaye shi," in ji ta, "a ɗakin Innarka, Allah ya jiƙanta. Khadijat ma a nan. Shi da ruwan shuka, ita ana noman farko. Duka biyun gudawa ce, ka tuna, kamar an buɗe famfo, kafin a kai Kazaure sun zama tsumma." Ta zuba ɓawon da ke cinyarta a ƙasa. "Ban ce rijiya ce ba. Kwana ne ya ƙare, Allah ne masani. Na yi shekaru ina cewa ko nonona ne, ko wani abu na ci, ko baki ne. Ranar da yarinyar nan ta ja layinta a ƙasa, ina bayan danga ina ji. Ku kuna ta kan wa ya girmi wa. Ni tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Ma'u."

"Ka sha abinka, Malam, ni ma zan taya ka, mun riga mun tsufa da shi. Amma in da shi za a dama wa Ihsan koko, gara in ce wa uwarta ta kai ta dangin ubanta."

Falalu ya fita ya tsaya a bakin rijiyar ya leƙa. Ruwan ya ƙaru da ruwan jiya, ya ɗan yi fari-fari, yadda yake yi kowace shekara in damina ta faɗi. Shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane cewa wannan alamar albarka ce, rijiyar Daudu ba ta jira, ana ruwa yau gobe ta amsa. Ya daɗe a tsaye har aka kira magariba.

Ranar da za a kawo yarinyar, hantsi bai gama fitowa ba aka ga Malam Falalu ya ɗaura jarka a bayan keke, yana turawa ta tsakiyar gari. Bai bi ta lungu ba, don Tudun Gawo ba ta da lungun da zai ɓoye mutum da jarka. Matan da ke layi a famfo suka dare. Sama'ilu na kan bencinsa, buzu a shimfiɗe. Ya shekara sittin da ɗoriya yana tanadin abin da zai faɗa a wannan rana, an ce har da waƙa ya shirya.

Falalu ya jingine keken. Ya tattara rigarsa, gwiwoyinsa suka yi ƙara kowa na ji, ya durƙusa a kan buzun.

"Ina kwana, Yaya."

Sama'ilu ya dube shi, ya dubi jarkar. Shi ne ya ɗauki gawar Sharfuddeen a hannunsa zuwa maƙabarta a wancan lokaci, don uban ya kasa. Waƙar ba ta fito ba.

"Yau za a kawo ta?" ya tambaya.

"Da azahar."

Sama'ilu ya tashi ya kwance jarkar da kansa, ya ɗauraye ta, ya kafa a bakin famfo, ya kama hannun ƙarfen ya fara tuƙawa. Wata mata ta matso za ta karɓe shi, ya ce ta bari. Yana tuƙawa yana haki, Falalu na durƙushe don ya kasa miƙewa, har sai da jarkar ta cika ta tumbatsa, sannan ya miƙa masa hannu ya ɗago shi.

"Gobe ma ina nan," in ji Sama'ilu. "Buzun ba zai gudu ba."

"Ruwan na gaisar, ba kai ba."

"Haka yara ke cewa."

Da azahar ɗan acaɓa ya sauke Sadiqa da 'yarta. Kafin su iso Falalu ya riga ya ɗora tsohuwar ƙofar langa-langa a bakin rijiya ya danne da dutse, ya ce wa masu wanki su ɗaga su mayar. Ihsan ta yi kukan rabuwa da uwa har muryarta ta dishe. Da ta gaji, kakan ya ɗora ta a cinya, ya ɗebo ruwa daga randa a ɗan moɗa ya kai bakinta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ture hannunsa.

"Kin gani ko, Ma'u," in ji shi. "Ko yarinya ta san ruwan mutumin nan ba shi da daɗi."

Ma'u na bakin murhu ta juya musu baya, tana share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne. Falalu ya goge wa yarinyar haɓa da babbar yatsarsa, ya sake kai moɗar bakinta.

"Sha, amaryata. Daure ki sha. Babba ne."